Kwanukan Ƙofar Gida

Wata uku na yi ina faɗa da waya. Ni ce na shigar da mahaifina, Malam Maude na Karare, cikin gwajin manhajar da muke haɗawa don masu ciwon suga, ni da abokin aikina Zainulabideen. Inna ke danna hoton abin da ta dafa masa kullum: wake, zogale, tuwon dawa rabin malmala. Manhaja ta yi kore shar, wai Malam ya yi ƙoƙari. Amma duk ranar da aka soki yatsansa a asibiti, suga na can sama. Likita ya ce idan aka ci gaba a haka, idonsa ne zai tafi. Mutumin da ya shekara arba'in yana rubutun allo! Abin ya hana ni zama wuri ɗaya.

Zainulabideen ya ce Inna ce ba ta iya dannawa ba. Na ce ya kiyaye ni. Ni kuma na zargi na'urar gwaji, aka canza, ba ta sauya zane ba. Da muka rasa wanda za mu ɗora wa laifi, sai muka yi abin da ya kamata mu fara da shi: muka kira masu ciwon su zo Batsari su gaya mana yadda suke son manhajar ta kasance.

Da ƙyar Baba ya yarda ya hau babur, don ko maƙwabta bai bari sun san yana da ciwon ba. Mutum goma sha ɗaya suka zo. Zainulabideen ya miƙe yana ta zuba bayani a kan launuka, ni ina kai da kawowa a bayan benci kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Wata dattijuwa daga Safana, Hansai, ta katse shi.

“Ɗan nan, wannan faranti guda da ka zana, na wane ne?”

“Na mara lafiya, Iya.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “A garinku namiji shi kaɗai yake cin tuwo? Mu dai a wajenmu ƙofar gida ake fitarwa. Kowa ya kawo kwanonsa, a ci na wannan, a jawo na wancan. Matarsa ta san abin da ta fitar, ba ta san abin da ya shiga cikinsa ba.”

Kunya ta rufe ni. A gidan nan aka haife ni, ni na sha kai kwanon Baba wurin ciyayya ina yarinya, amma na zauna a ofis na zana masa faranti ɗaya kamar baƙo a otal. Na waiwayo.

“Baba, kwano nawa ne?”

Bai dube ni ba. “Shida.”

“Kuma duk kana ci?”

“To in ce wa Barau ba na cin tuwon gidansa? Shekara talatin muna hannu ɗaya.”

Sai aka yi gyaran murya daga bencin baya. Wani tsoho ne da ya shigo a makare, ya zauna jikin ƙofa. Barau ne, da katin asibitinsa a hannu.

“Malam, ni ma don kada ka ji ba daɗi nake cusa naka da na sauran.”

Ɗakin ya ɗauki dariya. Nan take shawarwari suka ɓarke: a sa tambayar kwano nawa, a sa muryar Hausa da mutum zai kunna wa abokan ciyayyarsa idan bakinsa ya yi nauyi. Zainulabideen na ta rubutawa. Ni kuwa ban yi dariya ba, Baba nake kallo. Barau na zaune taku biyar daga gare shi tun ɗazu, amma sai da ya yi magana Baba ya gane shi.

Na miƙa masa wayar, na ce shi ma ya faɗi tasa shawarar. Ya kai ta kusa da fuska, ya nesanta ta, ya sake matso da ita.

“Ramlat, ku ƙara wa rubutun girma,” in ji shi a hankali. “Tun kafin azumi na daina ganinsa.”