Karan Awo

...tsawo da faɗi ne fa, ba wani abu ba. A tara su, a ninka biyu, kewaye ya fito. Na san wannan, Zara'u. Ni ma na zauna bencin lakwal, makarantar boko, a Mayahi kafin Baba ya cire ni. To don me na ɗaga wa yarinya hannu?

Zuhura na can jikin zana, ba ta kuka. Ɗiyarki ce, ba ta kuka gaban mutane. Kuncinta dai ya tashi. Ni na yi. Ni.

Mushe, malaminsu, shi ne ya ba su aikin gida. Lakwal babu abin awo, sai ya yanka wa kowane yaro karan gero daidai metir guda: ku je ku auno abu mai kusurwa huɗu, gobe ku kawo kewayensa. Yarinya ta duba gidan nan... me ya rage mai kusurwa huɗu? Ƙyaure ya tafi. Gadonki ya bi akuya kasuwar Kanan-Bakashe. Sai tabarma. Ga ƙanenta Bilal kwance bisa, zawo ya ƙi sakinsa, haƙarƙari duk a waje.

Na shigo na tarar ta durƙusa, ta shimfiɗa kara a gefensa, daga kai zuwa ƙafa —

haka matan suka yi miki. Suka miƙo mini karan ta bisa zana, babu mai kallon idona. Na kai wa masu gina kabari. Ƙasa kamar dutse, damina biyu ba ruwa, ɗayansu, Na Allah, na sara yana haki, yana ɗora karan, yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan...

"Baba, tabarma nake aunawa."

Bayan marin ta faɗa. Ina za ta sani? Ranar jana'izarki tana gidan gwaggonta. Shi kuma mushe yaro ne ɗan birni, wa ya taɓa gaya masa ba a gwada kara jikin mai rai?

Sojoji sun zo sun ƙirga mu, sun ce motar dawa na bisa hanya. Kowa awo yake yi. Hanyar nan tsawonta nawa, da har yau motar ba ta iso ba?

Karan na hannuna, na karya shi biyu. Gobe za ta tsaya gaban aji ba amsa. In kira ta... in ce zo, uwata, mu yi da taƙi, taƙi ba ya kiran komi. In ce zo. Bakin ya ƙi.

Don idona ya riga hannuna, Zara'u. Kafin marin, kafin ihun. Na ga karan ya fi shi tsawo da taƙi guda, na ji raina ya ce: sai an rage.

Ni, ubansa.

Yana numfashi. Ga cikin na tashi, yana sauka... yana tashi...

A tara. A ninka biyu.