Ranar Da Aka Kai Sufyanu Wurin Lilo

Sufyanu yana da wata uku da 'yan kwanaki ranar da aka fara fita da shi daga garin Anka. Kafin nan iyakarsa asibiti wajen allurar rigakafi, sai kuma ɗakin uwarsa Lubabatu, wadda ba ta yarda a kwantar da shi a ƙasa ko da bisa tabarma ne.

Maƙwabta sun san dalili, shi ya sa ba mai ganin baƙinta. Lubabatu da mijinta Mamuda 'yan Dareta ne. Shekarar da zinariya ta buɗe a ƙauyen, Mamuda yana cikin masu ɗauko duwatsu daga rami a buhunna, a kawo gida a farfasa, a daka, a niƙa. Ƙurar ta bi ko'ina, har cikin randa da kwanon tuwo. Cikin sati uku suka binne 'ya'ya biyu: ɗan farinsu Nafi'u mai shekara biyar, da Rufaida wadda ko yaye ba a yi mata ba. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin duwatsun. Munira, ta tsakiya, ita ce ta tsira bayan doguwar jinya, amma ciwon ya bar mata tabo. Harshenta yana da nauyi, kuma idan ta firgita jikinta yakan sandare, ba mai iya dawo da ita sai uwarta.

Mamuda ya bar haƙar zinariya, ya kwaso iyalinsa da mahaifiyarsa Marka suka dawo Anka, ya koyi gyaran babur. Shekara tara Lubabatu ba ta sake haihuwa ba. A duk tsawon lokacin ba wanda ya taɓa jin kansu da mijinta. Tana yi masa girki, tana wanke masa kaya, yana fita yana dawowa da cefane. Amma tun da aka haifi Sufyanu ba ta taɓa ɗora shi a hannun ubansa ba. In ya miƙo hannu sai ta ce akwai baƙin mai a jikinsa. In ya je ya wanke da sabulu ya dawo, sai ta ce yaron ya yi barci, ko yanzu ya sha nono kada ya tumbuɗe. Da ya ga haka sai ya daina miƙowa. Yakan tsuguna a bakin ƙofa ya yi wa yaron wasa daga nesa, sannan ya tashi ya tafi rumfarsa.

Munira ce ta jawo tafiyar. A wayar wata maƙwabciya ta ga wani wurin wasan yara a Gusau, da babban lilo mai kama da tayar keke, yana ɗaga mutane sama yana sauko da su. Yarinyar da ba ta cika roƙon komai ba ta kwana biyu tana bin ubanta da kalma ɗaya: "Baba, lilo." Ya yi mata alkawarin rana ta uku ta Babbar Sallah. Sai dai Munira ba ta zuwa ko'ina ba uwarta, shi kuma jinjiri ba a barinsa ba nono. Lubabatu ta so ta ƙi. Da ta dubi fuskar ɗiyarta, wadda ta kai shekara goma sha biyu ba ta taɓa zuwa ko yawon Sallah ba, sai ta kasa.

Da safiyar ranar Marka ta shigo ɗakin ta tarar Lubabatu tana haɗa kaya. Marka gwaggon Lubabatu ce, ƙanwar mahaifinta, don haka magana ba ta yi musu nauyi kamar sauran surukai. Ta zauna a bakin gado ta zazzage jakar, ta fara sabon shiri.

"Wagga rigar ta yi kauri, damina ce, ba sanyi aka yi ba," in ji ta. "Ki sa mai wata mai shara-shara da hula, ki riƙe zane biyu. Ki ba shi nono kamin mota ta tashi, kar ki jira sai ya yi kuka. In kun isa, inuwa za ki fara nema, nesa ga masu kiɗi, kunnen jinjiri bai son ƙara. Kuma kowa yac ce ki ɗiga mai ruwa don ana zahi, ki ce a'a. Ke za ki sha ruwan, shi ya samu ga nono."

"To, Gwaggo."

"Ki riƙa taɓa ƙeyatai. In kin ji gumi ki sauke shi daga baya, shi sha iska. Ina laima?"

Lubabatu ta nuna mata. Ta kuma nuna mata gorar ruwa da sabulu, na wanke hannu kafin a taɓa yaron.

"Abin ga da ka juyawa kuwa, ba a hawa nai da goyo, ko da an bar ki," in ji Marka.

"Ni ba hawa zan yi ba. Babanta zai hau da ita."

Marka ta dube ta, ta dubi Munira da ke tsaye a bakin ƙofa tun asuba cikin atamfar Sallah. "Allah shi kai ku lahiya," kawai ta ce, "ku kamo hanya kamin la'asar. Kun san yadda hanyar ga take in rana ta yi sanyi."

Sun isa Gusau da hantsi. Wurin ya cika maƙil da yara cikin kayan Sallah, ga masu balan-balan, ga masu ƙanƙara, ga lasifika biyu a bakin ƙofa suna zuba kiɗa kamar za su tsaga kunne. Lubabatu ta rufe kan Sufyanu da gefen hijabinta ta wuce da sauri, ba ta tsaya ba sai can ƙarshen fili, inda ta sami benci ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ta wanke hannu, ta sauko da shi, ta taɓa ƙeyarsa ta ji laima, ta cire masa safa. A kan cinyarta ta canza masa ƙunzugu. Ta ba shi nono yana kallon ganyen da ke motsi a samansa.

Daga inda take zaune tana hango Mamuda da Munira. Sun hau dawakan roba masu zagayawa, yarinyar ta ƙanƙame wuyan dokinta ba ta ko motsi. Daga nan suka shiga layin babban lilon. Layin dogo ne, sun fi rabin sa'a a rana. Da layi ya zo kansu, mai kula da lilon ya buɗe ƙyauren ƙarfe, injin ya yi gurnani, sai Munira ta toge. Lubabatu ta ga kafaɗunta sun ɗaga, hannunta ya damƙe ƙarfen shinge, ta san abin da ke shirin zuwa. Mamuda ma ya sani. Ya janye ta gefe a hankali ya dawo da ita ƙarƙashin bishiyar.

Lubabatu ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa, tana shafa bayanta har jikin ya saki. Munira ba ta yi kuka da murya ba. Hawaye ne kawai ke zuba, idonta yana kan lilon yana hawa yana sauka.

"Mu tai gida?" Mamuda ya tambaye ta.

Ta girgiza kai. "Inna," ta ce. "Da Inna."

Lubabatu ta goya Sufyanu, ta kama hannun Munira suka je wurin mai kula da lilon. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dubi goyon ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba a hawa da jinjiri. Iskar sama da girgizar ba su dace da shi ba. Ki ba wani ya riƙe miki, minti biyar ne. Na ga yarinyar ɗazu, ba sai kun sake bin layi ba."

Wata mata da ke tsaye kusa ta miƙo hannu. "Kawo shi, baiwar Allah, ni nawa sun riga sun hau."

"Na gode," in ji Lubabatu, ta ja da baya.

Suka koma gindin bishiya su uku. Can Munira ta ja gefen hijabin uwarta. Maganar ta fito a hankali, kalma bayan kalma, yadda ta saba.

"Ki ba Baba."

Lubabatu ta dubi hannuwan mijinta, suna ajiye bisa gwiwoyinsa. Ya wanke su tas domin Sallah, amma baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce da cikin tsagar fata, inda sabulu ba ya kaiwa. Ya ga inda take kallo, bai janye su ba.

"Na san abin da kika gani gare su, Luba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni ma shi nika gani kullum in na zo alwala. Ni na ɗauko buhunnan ga da kaina na shigo da su gida. Ban taɓa ce maki ki manta ba, kuma ba ni cewa."

Kiɗan bakin ƙofa ya tsaya, aka sa wani.

"Kai ka ɗauko," ta ce daga ƙarshe, "ni na daka. Rufaida tana bayana nika dakan, ƙurar tana sauka bisa kanta ina kaɗe mata da hannu." Ta gyara goyonta. "Ban san wa nika tsare yaron ga daga gare shi ba, Malam. Kai ko ni."

"Ba mu sani ba, Luba. Dut garin ba wanda ya sani."

"Na san ba mu sani ba."

Ta ɗauko gorar ruwa da sabulu. Ya tara hannu tana zuba masa, ya cuɗa har gwiwar hannu, ta sake zubawa. Sannan ta shimfiɗa zane a kan hannuwansa, ta kwance goyon ta ɗora masa Sufyanu.

"Ka tallabe kan. Ka juya mai baya ga rana. In ya motsa kar ka jijjiga shi da ƙarhi, yanzu ya sha nono."

Mutumin da ya yi renon 'ya'ya uku ya saurare ta yana gyaɗa kai, kamar yau ya fara ganin jinjiri.

Dattijon ya zaunar da su a kujera ɗaya, ya rufe ƙarfen gabansu. Da lilon ya motsa Munira ta cusa fuskarta a jikin uwarta, Lubabatu tana karanta mata addu'a a kunne. Suna kaiwa tsakiya yarinyar ta buɗe ido ɗaya. Garin ya shimfiɗu a ƙasansu, rufin kwano yana ƙyalli, gonakin gero kore shar har inda ido ya tsaya, ga wasu duwatsu can nesa da hadari yana taruwa a bayansu. Munira ta ɗago kai gaba ɗaya. Da suka kai ƙololuwa, kujerar ta yi ɗan lilo, sai ta ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar da Lubabatu ta manta yarinyar tana da ita.

Lubabatu kuwa ƙasa take kallo. Ta hango bishiyar, ta hango Mamuda a kan benci ya zama ɗan ƙarami, ya sunkuyar da kai bisa abin da ke hannunsa. Ko sau ɗaya bai ɗago ya dubi lilon ba. A zagaye na biyu ta ga kafaɗunsa suna rawa, sai ta kau da kai, ta bar shi da abinsa.

Sau huɗu lilon ya zagaya. Da suka sauko Lubabatu ta tarar Sufyanu ya yi barci, ya tumbuɗe a ƙirjin babbar rigar ubansa. Idanun Mamuda sun yi ja. Ta miƙa hannu za ta karɓi yaron, sai ta tsaya, ta ɗauki tsumma ta goge rigar kawai.

"Bar shi nan, kar shi farka," ta ce. Ta buɗe laima ta riƙe a kansu.

Sun ci shinkafar da suka taho da ita, suka yi azahar, suka nufi tasha. A mota Munira ta yi barci tun kafin su fita gari. Sufyanu yana hannun ubansa har Mayanci, inda ya farka yana neman nono, Lubabatu ta karɓe shi. Motar ta karya kwana ta kama hanyar Anka da 'yan bindiga kan tare, fasinjoji suka yi tsit kowa yana addu'arsa.

"Shekaranjiya da aka sauko Idi na tai Dareta," in ji Mamuda, yana kallon waje. "Ruwa ya ci gefen makwancin Nafi'u, na gyara. Na Rufaida lahiya lau yake."

Ta juyo ta dube shi. "Dama kana zuwa?"

"Kowace Sallah."

Ba ta taɓa sani ba. Duk shekara in ya ɓace bayan Idi, ita a zatonta gaishe-gaishe yake zuwa.

"In za ka koma ka hwaɗa min," ta ce, "in yi masu addu'a daga gida daidai lokacin."

"In sha Allahu."

Yayyafi ya fara bugun gilashin motar. Mamuda ya miƙa hannu ya rufe tagar da ke gefenta, ita kuma ta gyara wa Sufyanu hularsa.