Zanen Bahago a Wuƙar Ghislain

Ni na riga kowa ganin abin da ke cikin wuƙar nan, maƙerin garinmu ma a bayana yake. Idon wanda ramin kwal ya rufta da shi, ya fito da ƙafarsa, ba ya jiran boko kafin ya karanta ƙarfe. Amma labarin na Ghislain ne.

A ƙauyenmu, nan kusa da Charleroi, duk shekara idan aka fito da akwatin waliyyi daga coci za a zaga gonaki da shi, mazan gari kan sa kayan sojan zamanin da su raka shi, ganga da sarewa a gaba, ana tsayawa ana buga albarushi. Ghislain bai taɓa fashi ba tun yana saurayi. Bana gwiwa ta gaya masa wannan ce ta ƙarshe, bai yi mata musu ba. Burinsa ɗaya, ya yi tafiyar da wuƙar bakin bindiga ta gidansu, wadda kakan kakansa ya dawo da ita daga yaƙi, wadda ubansa Zénon ya saɓa har ya tsufa.

To, tsofaffin bindigogin ƙungiyar masu rakiyar sun gaji, an sayo sababbi, ƙirar da amma aikin yau. Ghislain ya zura bakin tasa a bututun gindin wuƙar, ta ƙi shiga. Sabon ƙarfe ya fi kauri. Ya kwashi duka biyun sai maƙerar Firmin, inda nake zama kullum ina shan giyarsa.

"Rage mini bakin bindigar," in ji Ghislain.

"Ta ƙungiya ce, tsohon banza," in ji Firmin. "In sirantar da ita, ka ɗura albarushi ta fashe a fuskar na kusa da kai? Taka fuskar dai babu asara. Kawo wuƙar in ci cikinta kaɗan da magagari."

Ghislain ya rungume ta a ƙirji. "Wannan? Yadda ta fito daga yaƙi haka take. Ba wanda ya taɓa ta, ba kuma a kaina za a fara ba."

"Sai ka yi tafiyar da bindiga gundul, kamar akuya ba ƙaho."

"Gara in zauna gida."

Da gaske yake. Ya zauna a kan benci yana shafa wuƙar, yana tunanin ubansa, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, wanda bai bar masa komai ba sai wannan. In ya bari aka ci ƙarfenta, me zai miƙa wa na baya, abin da ya ragu a hannunsa?

Na ce ya ba ni in gani. Na ɗaga bututun wajen hasken taga, na leƙa. Zane ne a ciki, sawun magagari, ba na hannu ɗaya ba. Wani ya dushe ya yi baƙi. Wani kuwa ya fi sabunta, kuma ya karkata ta bai-bai.

"Ghislain," na ce, "da wane hannu Zénon yake yanka burodi?"

Ya karɓa ya leƙa, ya daɗe. Bahago ne ubansa, duk gari ya sani. Ya sa ɗan yatsa ya bi zanen a hankali. Ashe tsohon ma ya taɓa zama da bindigar da ta ƙi karɓar wuƙa, ya yi abin da za a yi, bai gaya wa kowa ba. Haka wanda ya riga shi.

Firmin ya miƙo hannu. Ghislain ya girgiza kai.

"Ba ni magagarin. Kai dai ka tsaya a kaina, ka ce ya isa."

Ya yi ta ci kaɗan-kaɗan, yana gwadawa, Firmin yana zaginsa yana ce masa mai hannun kuturu, har wuƙar ta shige ta kama tsam. Ranar tafiya ya zaga gonakin nan kaf yana ɗingishi, tana walƙiya bisa kafaɗarsa.

Mai musu ya je gidan Ghislain, tana rataye bisa murhu. Ya leƙa ya ƙirga hannuwa. In bai ga na bahago ba, ya zo maƙera ya ƙaryata ni gaban jama'a, ina nan kan benci.