Takarda Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Nu'uman ya sake ɗaga takarda mai lamba arba'in da ɗaya, ko idonsa ne ke masa gizo. Wata shida ke nan yana fama da tambayoyin da kamfanin ƙarafa na nan Riyad ya sa shi haɗawa, don a auna yadda zuciyar ma'aikatansu Indiyawa take kan aiki. Gwajin ƙarshe ba wuya: a ba mutum yau, a sake ba shi bayan sati biyu, in amsa ta zo ɗaya, ma'auni ya tabbata. Na kowa ya zo ɗaya, ban da na mai takardar nan, Mustapha mai walda, mutumin Kerala. Da fari "kullum" ya yi ta zaɓa, yanzu kuwa "ko kaɗan" daga sama har ƙasa. Ga mudir, shugaban kamfanin, ya riga ya faɗa: da zarar ma'auni ya tabbata, duk wanda makinsa ya faɗi ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama.

A inuwar sito Nu'uman ya sami Mustapha da hutun azahar, waya a kunne.

"Abokina, me ya same ka cikin sati biyu?"

Mustapha ya miƙa masa wayar kawai. Sautin da aka naɗa ne: ruwan sama yana sauka a kan kwano, ga kukan kwaɗi, can nesa wata yarinya tana dariya.

"Damina ta faɗi a garinmu," in ji shi da Larabcin kasuwa. "Matata ta turo. Shekara huɗu rabona da ruwan nan. Hannu yana walda, ni kam ba na nan. Kai ka ce a faɗi gaskiya."

Nu'uman ya lumshe ido. Sai ga shi a Funtuwa, ƙasa tana ƙamshi, innarsa tana tarar ruwa a bakin indararo, masara tana gasuwa a zaure. Kewa ta kama shi. Da shi aka ba takardar a lokacin, wallahi abin da Mustapha ya zaɓa zai zaɓa.

Abin haushin, ma'aunin nasa lafiyarsa ƙalau, mutum ɗaya ba ya rushe lissafi. Duk da haka ya zauna ya rubuta cewa ma'aunin bai tabbata ba, kada a yanke wa kowa hukunci da shi.

Mudir ya karanta, ya cire tabarau. "Aikin wata shida fa, ya Nu'uman. To yaushe za a sake gwadawa?"

"Bayan damina, ranka ya daɗe."

Mudir ya leƙa taga, rana tana ƙona motoci. "Wace damina kuma a Riyad?"