Faifan Baba Oyelaran

Da hantsi ne, hadari ya taso daga wajen teku ya tsaya a kan Ikeja, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. Irin wannan rana layinmu na masu kwamfuta kan yi sanyi, masu kiran ciniki ma kamar daga cikin rijiya suke magana. Ina zaune a ɗan shagona ina kallon fanka tana juyi, sai ga Baba Oyelaran da wani abu naɗe a tsumma.

Baba mai ɗaukar hoto ne a Mushin tun ba a haife ni ba. Hotunansa na takarda ambaliya ta cinye, abin da ya rage duk yana cikin faifan kwamfuta guda ɗaya, shi ne a tsumman. Faifan kuwa ya fara ƙyas-ƙyas idan an kunna shi. Faifan da ya kai nan, sau ɗaya za ka roƙe shi ya ba ka abin da ke cikinsa, ba ya yin na biyu.

Ya nuna mini hoton marigayiya matarsa a waya. Wani koren layi ya ratsa kumatunta.

"Kolapo, wa ya yi mata tsaga? Gidansu ba sa tsaga."

Na ce, "Baba, ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfutarka ce. Wajen kwafa takan yi tuntuɓe a ɗigo ɗaya, ba ta sani ba, ba ta kuma faɗa ba."

"To haɗa mini wadda ba ta tuntuɓe."

"Babu ita, Baba. Sai dai mai waiwayowa ta gyara."

Dama tun makon da ya wuce muka shirya zan haɗa masa na'urar ajiya ta gida. Ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai gyara kuskurenta na samo, tokumbo, ta hannu daga ƙasar waje, irin wadda ake cirowa daga manyan injinan kamfanoni. Bod kuwa, wato falankin da komai ke hawa kansa, wurin maƙwabcina Okwudili na saya. Katako ɗaya ne ya raba shagunanmu. Mun gwada a gabansa kamar yadda ake yi a layin nan: aka ɗora ram, aka danna, fanka ta juya, rubutu ya fito. Ya ɗiga jan farce a kusurwar bod ɗin, shaidarsa ke nan. Abin da ya kawo wuta a gaban mai shi, ciniki ya faɗa.

Kafin in jona faifan Baba sai na shiga cikin na'urar in tambaye ta. Ashe bod ɗin ya karɓi ram, yana aiki da ita, amma gyaran nan bai san da zamansa ba. Kamar ka ɗauki mai gadi ka kulle shi a ɗaki.

Na leƙa ta saman katako. Okwudili na cin okpa, alalar gurjiya, da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya.

Na kira shi irin kiransu na Igbo, "Nna, bod ɗinka ba ya gyara."

"Ya kawo wuta?"

"Ya kawo."

"To me ya ɓaci da zai gyara? Kai ɗan Ibadan, amala ta toshe maka kai. Kowa na sayar da abin da ya kunnu, kai kana tambayar kwamfuta lafiyar zuciyarta."

"Hotunan tsoho ne, Okwudili."

"Ko na kakana ne. Jan farce ba ya gogewa, ɗan'uwa. In na karɓa yau, gobe layin nan kaf su zo mini da kuka."

Ban ja da shi ba, don ba ƙarya ya yi ba. Na koma kujerata. A ƙarƙashin teburina akwai wata kwamfuta da nake haɗa wa kaina a hankali, yau ɓangare ɗaya, wata mai zuwa wani. Nakan yi mafarkinta a ɗakina, tana numfashi can ƙasa-ƙasa kamar kyanwa, ina koyon zanen gidaje a kanta. Bod ɗinta ya san gyara. Na jawo ta na hure ƙura, na kwance shi.

Baba ya ce, "Wannan kuma ta wa ce?"

"Ta wani ce da ba ya sauri."

Na ɗora shi a na'urar Baba, na kunna, na sake tambaya. Wannan karon ta amsa. Sannan na warware tsumman, na jona faifan, na yi addu'a a ciki.

Hotuna suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, ruwan sama ma ya sauko a kan kwano. Amare da ɗaurin kai kamar jirgin ruwa. Wani yaro a kan dokin katako yana kuka. Maza da faffaɗan wando sun jingina da motar da ba tasu ba. Baba na kiran sunayensu ƙasa-ƙasa, wannan ya rasu, wannan yana London, wannan har yau bai zo karɓar hotonsa ba. Ni kuwa sai na ji kamar shagon ya kwance daga layin yana tafiya da mu a kan ruwa, mutanen nan suna shigowa suna neman wurin zama. Matarsa ta wuce a cikin farin leshi, kumatunta sumul. Baba ya gyara hularsa.

Saura kusan rabi sai wuta ta ɗauke. Ɗan batirin ko-ta-kwana ya fara kuka, shi kuma ba ya daɗewa. Janaretana na wurin gyara. Faifan na ta ƙyas-ƙyas, in ya tsaya yanzu ya tsaya ke nan. Na miƙe ban san inda zan nufa ba.

Sai na ji janaretan Okwudili ya tashi. Wata baƙar wayar wuta ta sauko ta saman katako tana lilo a gaban hancina. Na cafke na jona, kukan batirin ya tsaya, hotuna suka ci gaba da wucewa.

Da na leƙa, ya riga ya juya baya, yana yi wa wata mata rantsuwa cewa cajar da ke hannunsa ta asali ce.