Cukun Iraklia

"Mama, wai gaskiya ne ke 'yar tsauni ce, shi ya sa kike tsoron ruwa kamar kyanwa?"

Da ƙarfi Kalliopi ta yi tambayar, a tsakiyar ɗakin fasinjoji, har matar da ke ɓare dafaffen ƙwai a kujerar gaba ta waiwayo. Zinovia ba ta tambayi inda yarinyar ta ji ba. Mai maganar yana nan zaune kusa da su yana murmushi: Baba Lefteris, mahaifin mijinta, wanda ya tsufa a kan teku, yake kuma ganin duk wanda aka haifa nesa da ruwa bai gama zama mutum ba.

"Ba tsoro nake ji ba, amai nake ji," in ji Zinovia. "Zauna."

Tun da suka bar tsibirin Naxos na ƙasar Girka iskar arewa ta watan Agusta take jijjiga jirgin ruwan. Amorgos za su koma, inda mijinta Zannis ke jiransu, amma sai an tsaya a ƙananan tsibiran hanya. Na farko Iraklia, inda ƙanwar Baba take aure. Zinovia ta san abin da hakan ke nufi. Duk ɗan tsibiri da jirgi ya biyo da shi ta garin danginsa, sai ya dira ya karɓi saƙo, ya sumbaci mutane, ya koma kafin a ɗaga ƙofa. Ba wanda ke kiran wannan sauka. Gaisuwa ce.

Amai ya taso wa Zinovia. Ta miƙe, hannu a baki.

"Baba, don Allah ka riƙe min ita. Kada ku je ƙasa."

"Je ki, 'yata, je ki ba kifaye rabonsu."

"Baba, na ce kada ku sauka."

Ya kaɗa mata hannu kamar mai korar ƙuda.

Tana cikin banɗaki ta ji ƙarar sarƙa, ta ji ƙarfe ya daki siminti. Da ta fito, kujerar ba kowa sai hular Kalliopi. Mai ƙwai ta nuna mata matakala da haɓa. "Ya kai ta ƙanwarsa ta gani. Yanzu za su dawo, ke ma dai."

Zinovia ba ta san yadda ta sauka ba. Ƙasan jirgin hayaƙin motoci ne da ihu. Babbar ƙofar baya tana shimfiɗe a kan dakalin tasha, masu shiga da masu fita suna ture juna a kai, babura na kutsawa tsakaninsu. A irin wannan iska ba a ɗaure jirgi da kyau. Inji ne ke riƙe da shi, bakin ƙofar yana goga siminti, ya zame hagu, ya dawo dama.

Can ta hango su, kusa da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Gwaggo Marigo, ƙanwar Baba, ta kama kumatun yarinyar tana yi mata tofin kambun baka. Baba kuwa ana ta loda masa kaya.

"Kalliopi!"

Iska ta kwashe muryar. Shugaban ma'aikatan ƙofa, wani ƙato mai jar riga, ya busa usur.

"Amorgos, ku shigo! Uwargida, matsa ciki, ɗagawa za mu yi!"

"'Yata tana waje."

"To kira ta mana! Kyaftin ba zai kwana a nan ba!"

Ta tsaya cak a tsakiyar ƙofar. Sai ga Baba ya taho da gudunsa na tsofaffi, ƙaton cuku rungume a hannun dama, gwangwanin man zaitun a na hagu. Kalliopi na bin sa a baya ita kaɗai, da kwalbar zuma a ƙirji, tana ƙetare igiyoyi.

Nan idon Zinovia ya rufe. Hannu biyu Allah ya ba shi, duka biyun ya ba cuku da mai.

Ta dira kan dakalin, ta wuce shi kamar ba ta san shi ba, ta suri yarinyar. Kafin ta juyo, wani raƙumin ruwa ya ɗaga jirgin, ƙofar ta rabu da siminti, baƙin ruwa ya buɗe baki a tsakani yana tafasa. Baba bai ko duba ƙasa ba. Ƙafarsa ta san aikinta tun yana saurayi, tsalle ɗaya ya samu kansa a ciki, cuku bai ko motsa ba.

Mai jar riga ya durƙusa a bakin ƙarfen ya miƙo hannuwa. "Miƙo ta! Miƙo min ita, sannan ki biyo!"

"Miƙa masa, Zinovia!" Baba ya ƙwala. "Haka aka miƙa ubanta, haka aka miƙa ni!"

Ta dubi ruwan. Ƙofar ta matso, ta sake ja da baya. Yatsun Kalliopi sun nutse a wuyanta.

"Ba zan miƙa ba."

"Me?"

"Na ce ba zan miƙa ta ba! Buhun dankali ce? Ku tafi!"

"Uwargida, babu wani jirgi sai iska ta lafa!"

"To ta lafa! Baba, ka gaya wa ɗanka cuku ya iso lafiya!"

Sarƙa ta fara ja. Abin da ta gani na ƙarshe kafin ƙofar ta rufe shi ne fuskar tsohon, baki buɗe, har yanzu kayan na hannunsa, kamar sai a lokacin ya lura da abin da ya ɗauko da abin da ya bari.

Jakarsu ta tafi, takalman canji sun tafi, hula ta tafi. Gwaggo Marigo ta ƙaraso tana haki.

"Haba 'yar nan, da kin miƙa. Mu nan ba a taɓa yar da yaro ba."

"Gwaggo, ba a kan tawa za a fara ba. Kina da wurin kwana ko in nemi coci?"

Tsohuwar ta karɓi kwalbar zumar. "Akwai wake a kan wuta. Ku taho."

Sun ɗan hau tudu Kalliopi ta ɗago kai. "Mama, kin ji tsoro ne?"

"Na ji," in ji ta. "Ba ni hannunki. Wancan ma."

Ke da kike da ƙaramin yaro, in kin hau jirgin tsibirai, ji nan. Da zarar kin ji ƙarar sarƙa, hannunsa ya kasance cikin naki, ko da amai kike yi, ki yi shi a leda. Kada ki bar shi da kaka, ko kawu, ko wanda ya fi kowa sanin teku. Su ne ma abin tsoro, don sun daɗe da daina kallon ruwan.