Hoton Meshak

Lai'atu ta durƙusa ƙarƙashin teburin kwamfutar ɗanta, gwiwoyinta na ƙara, ta zare wayar sitabilaiza daga bango. Abin da nauyi kamar dutsen niƙa. Ta rungume shi ta fita baranda, inda aka ajiye firizar maƙwabciyarta Faustina.

Yau kwana huɗu ɗan nata Meshak yana kwance a mutuware. Citta ya je sarowa, tirela ta bi ta kan mashin ɗinsa a hanyar Kwoi. Ranar Asabar za a binne shi, kuma matan Zumunta na coci sun riga sun cika tsakar gida da tukwane. Naman da za a dafa wa baƙi ne ya sa aka aro firiza, wai ko masu wutar lantarki za su tausaya su kawo.

Da Faustina za ta bayar sai da ta ce, "Mama, wutar unguwan nan mahaukaciya ce fa. Ta cinye mini talabijin bara."

To, Lai'atu tun tana amarya ba ta taɓa mayar da kayan aro da tabo ba. Ko turmi ta ara, sai ta wanke ta shanya. Ta san akwatin nan shi ke tare mugunyar wuta, don Meshak ya sha hana kowa taɓa shi. Amma mai kwamfutar ya tafi, kwamfutar a kashe, me za ta tare? Ta sa aka jona wa firiza. Da ta koma ɗaki ta ga wayar kwamfutar yashe a ƙasa, abin bai yi mata kyau ba. Ta ɗauka ta soka a bango, ta gyara mayafin tebur, ta fita.

Wajen ƙarfe biyu na rana wuta ta dawo, bayan kwana uku babu ita. Hellen, matar marigayin, ita ta fi kowa jiranta. Mai buga takardar jana'iza ya aiko sau biyu yana neman hoto, kuma hoton Meshak ba ya ko'ina sai cikin kwamfutar nan. Tsofaffin hotuna sun ƙone tare da gidansu na ƙauye, shekarar da aka koro su. Wayarsa ta niƙe a ƙarƙashin tirela. Shi kuwa mutum ne mai ɗaukar wasu, in aka juya waya kansa sai ya kare fuska da hula. Na aurensu da na ranar baftismar 'yarsu Endurance, su ke nan, kuma duk suna ciki.

Hellen ta miƙa wa wata goyon, ta shiga da gudu ta danna.

Ƙwan falo ya yi haske kamar rana, ya fashe. A ɗaki aka ji fat! Sai warin roba. A baranda firiza tana ta gurnaninta lafiya lau.

Lai'atu ba ta tsaya jin sannu ba. Ta naɗe kwamfutar a zani, ta tsayar da keke-napep, ita da Hellen suka nufi shagon Kambai mai gyara, bayan tashar jirgin ƙasa.

Kambai ya kwance murfin, ya sunsuna, ya girgiza kai, ya dubi Hellen.

"Madam, ai Malam Meshak yana da sitabilaiza. Ni na sayar masa. Ni na ce masa in wuta ta zo ya bari ta zauna minti goma, in ta tafi ya zare komai. Yaya aka yi?"

"Ban duba ba," in ji Hellen. "Na ga wuta kawai na kunna. Ni na ƙona shi."

Lai'atu ta dubi surukarta. Babu wanda ya gan ta ƙarƙashin teburin nan. In ta yi shiru, yarinyar za ta ɗauki kayan har kabarinta.

"Ba ke ba ce," ta ce. "Ni na cire. Na kai wa firizar Faustina."

Hellen ta juyo a hankali. "Firiza, Mama?"

"Kayan mutane ne."

"Shi fa? Kayan waye?"

Janareton shagon kusa yana ta ihu. Kambai ya sunkuyar da kai, ya ciro wani ƙarfe kamar sabulun wanki, ya jona shi da tasa kwamfutar. Ya kara a kunne. Ya sauya waya, ya sake karawa.

"Nan yake ajiye komai," ya ce. "Wutar ta shiga har nan. Ko motsi ba ya yi."

"Ka gyara, ɗana. Ba aikinka ba ne?"

"Mama, wannan ya fi ƙarfina. Akwai masu buɗe shi a Kaduna, su ma sai an yi sa'a. Sati uku, wata ɗaya. Wani lokaci a dawo maka da shi haka nan. Bai taɓa kwafa a filashi ba?"

"Kullum cewa yake zai yi," in ji Hellen. Ta zauna kan benci ta rufe fuska da gyale. "Endurance wata bakwai. Me zan nuna mata?"

Lai'atu ta dubi ƙarfen. Sannan ta ƙara ɗaure zaninta.

"Kambai, wayarka tana ɗaukar hoto da kyau?"

"Tana yi, Mama."

"Rufe shago. Mutuware sai ƙarfe biyar suke tashi."

Kambai ya ajiye sukundireba. "Mama, an ce fuskar..."

"An ce. Ni na gani da idona. Gefen hagu bai taɓu ba." Ta dafa kafaɗar Hellen, Hellen ba ta ɗago ba, ba ta kuma ture hannun ba. "Tashi, 'yata. Mu biya gida ki ɗauko masa farar rigarsa ta coci. Ni zan riƙe kansa."